Goggo Mai Masa da Ciwon da Ke Bin Jini

Ranar da Goggo ta rasu, tabarmin gidanmu ba su isa ba. Aka aro na maƙwabta, aka aro na masallacin unguwa, duk da haka wasu a kan takalmansu suka zauna. Mu kanmu 'yan gida ba mu san rabin mutanen da suka cika ƙofar gidan nan namu na unguwar Gwallaga a Bauchi ba. Ga direbobin manyan motoci, ga masinjojin En'e, wato hukumar gargajiya, cikin kakinsu, ga leburorin hanya da suka ajiye diga suka taho da jar ƙasa a ƙafafunsu. Wani dattijo mai sayar da itace ya raɓe a gefe yana share hawaye da hannun riga. Da mahaifina ya matsa zai yi masa godiya, sai ya ce, "Malam, ni ya kamata a yi wa gaisuwa. Shekara goma sha ɗaya ban karya kumallo a wani wuri ba."

Baba bai yi kuka ba. Sau uku yana neman ruwa, ana miƙa masa moɗa, ya riƙe, ya ajiye bai sha ba.

Cikin gida kuwa mata ne maƙil har bakin rijiya. Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar asibiti, wadda duk unguwa ke kira Nas, Kirista ce daga ƙasar kudancin Bauchi. Ta ɗaura ɗankwali ta zauna a tsakiyar matan. Ba ta san addu'o'in da ake yi ba, amma duk inda aka ce amin, tata ta fi ta kowa ƙarfi.

Ina zagawa da ƙwaryar ruwa na ji wata tsohuwa tana raɗa wa ta kusa da ita, "Da sun bar ta da abinta, da yanzu tana nan. Wuƙar Bature ce." Ɗayar ta ce, "A'a, kwana ne ya ƙare." Can sai ga wata baƙuwa ta shigo tana tambaya daga bakin ƙofa, "Nan ne gidan matar da aka yanke wa nono?"

Wannan tambaya ta tsaya mini a rai. Shekara fiye da ashirin Goggo tana ciyar da garin nan, amma cikin shekara biyu sunanta ya koma matar da aka yanke wa nono. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba zan ɓoye ciwon ba, don ita ma daga baya ba ta ɓoye shi ba. So nake a san wadda ciwon ya samu.

Goggo yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ban san wata uwa ba sai ita. Mahaifiyata ta rasu ina da wata biyu a duniya. A lokacin Goggo na goyon ɗanta na fari, wanda ya girme ni da wata huɗu. An ce ranar da aka dawo daga maƙabarta, dangi na ta shawarar nonon saniya da kunu, sai ta miƙa hannu ta ɗauke ni, ta shige ɗaki. Daga ranar ta raba mana nononta: na hagu na ɗanta, na dama nawa. Har muka girma, in faɗa ya haɗa ni da Hamma, haka nake kiransa, takan ce, "Ku yi ta yi. Abin da na ɗura muku iri ɗaya ne, ba mai kayar da wani."

Bayan Hamma ta haifi uku, ba wanda ya kai yaye. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan Baba da mu biyu da tandarta ta suyar masa, ba ta sake aure ba. Sunan Hamma kuwa ban taɓa jinsa a bakinta ba, saboda kunyar ɗan fari. "Wancan" take ce masa. "Wancan ya ci abinci?" "Ki ce wa wancan ya rage zama a rana." Yana zaune kamu biyu da ita, amma ta bakina saƙon zai bi.

A zauren gida take suya. Kafin rana ta fito ta hura murhu, ta ɗora tanda, ta jawo tukunyar ƙullun da ya kwana ya tashi, ga miyar taushe a gefe tana tafasa a hankali. Zubin farko ba na sayarwa ba ne. Duk wanda Allah ya fara kawowa, nasa ne, ko da kuwa ɗan sarki ne ko mahaukacin kasuwa. Kuma ba ta yarda namiji mai aikin ƙarfi ya ƙunshe masa ya tafi. "Zauna ka ci a nan," in ji ta. "In ta huce ka ce ban iya ba." Da yawa sun makara wajen aiki saboda wannan doka, ba kuma wanda ya daina zuwa.

Tana da wata kalma da duk unguwa ke tsoro. In mutum ya shara mata ƙarya, ba ta musu da shi. Sai ta ci gaba da juya masarta, ta ce, "Sake faɗa in ji." Ban ga ƙaryar da ta jure faɗi na biyu a gabanta ba.

Faɗa ɗaya na sani da ya shiga tsakaninta da Baba, kuma a kan Nas ne. Lokacin da Nas da mijinta, kafinta ne a ma'aikatar ayyuka, suka tare a gidan haya da ke jikin namu, ba rijiya a gidan. Ta shiga gidaje biyu da tulu, aka ce mata guga ya tsinke. Goggo ta hango ta za ta wuce, ta kira ta, ta miƙa mata namu gugan. Da Baba ya dawo aka tseguntar masa, ya ce ba ya son abin da zai jawo masa surutu a masallaci.

Goggo ta ce, "Da ka haƙa rijiyar, kai ka zuba ruwan?"

Ya ce, "Adda, gidana ne."

Ta ce, "Na ji. Gidan naka ne. Ruwan fa?"

Wata biyu ba su yi wa juna magana ba. Amma kullum safiya akushinsa na masa na isa ɗakinsa, sai dai gaya, ba ko ɗigon miya. Ranar da ya gamu da Nas a zaure ya matsa mata hanya har ya ce mata sannu da aiki, washegari miya ta dawo, har da tsokar nama. Ba wanda ya tayar da maganar. Ita kuwa Nas tun daga nan ta zama 'yar gida. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kullum "Goggo, ka kwana lafiya?" Goggo ta amsa, "Na kwana lafiya, na kuma wayi gari namiji."

Damina ce, shekara biyu kafin a ba mu mulkin kai, na fara ganin abin. Lokacin na yi aure a bayan layinmu, ina koya wa matan aure karatun boko, don na yi makarantar 'yan mata har na tsinci Turanci kaɗan. Na shigo da hantsi na tarar ta fito wanka da ɗaurin ƙirji. Goggo fara ce, saboda haka ba wuya na ga wani tabo baƙi-baƙi mai ratsin shuɗi a saman nononta na dama, kamar inda jini ya kwanta bayan an buge.

Na ce, "Goggo, me ya same ki a nan?"

Ta ja zane ta rufe. "Taɓarya ce ta kuɓuce mini."

Ban ce mata ta sake faɗa ba. Wannan ita ce nadamata har gobe. Na yarda, don yarda ta fi sauƙi. Wata huɗu suka wuce. Jinin bugu kwana nawa yake yi ya washe? Wannan bai washe ba, sai faɗi yake ƙara, nonon yana kumbura yana nauyi. Ba ya mata ciwo, abin da ya ruɗe mu ke nan. Aka shafa sassaƙe, aka sha jiƙo, aka yi rubutu. Daga ƙarshe dangi suka yanke cewa maruru ne da ya ƙi fashewa, aka ɗauko wata tsohuwa da ta yi suna wajen sakiya.

Ni na riƙe mata kafaɗa. Tsohuwar ta gasa ƙarfenta ta huda, muna jiran mugunya. Ba mugunya. Jini ne ya ɓalle, ja wur, ya jiƙa tsumma na farko, ya jiƙa na biyu, ya jiƙa zanena. Tsohuwar ta barbaɗa garin magani, jinin ya kwashe shi. Tun hantsi har rana ta kusa take tsaka. Da na ga leɓen Goggo ya fara fari, na fita da gudu ba mayafi na buga ƙofar Nas, wadda ran nan take hutu.

Kallo ɗaya ta yi wa wurin. Ta ninka zane mai tsabta ta danna da duk ƙarfinta, ta ce, "Wannan ba maruru ba ne. Goggo, yau ka je asibiti, ko ka yarda ko ba ka yarda ba." Haka ta riƙe wurin har muka isa, a bayan motar wani direba mai cin masarta.

Likitan Bature ne, dogo, mai yawan shiru. Ya tsayar da jinin, ya ɗinke. Bayan mako guda ya yanki 'yar tsoka daga wurin ya jefa cikin kwalba, ya ce za a aika can kudu inda masu madubin ƙara girma za su duba. Mota ta kai kwalbar Jos, jirgin ƙasa ya wuce da ita. Mako biyar muna jira. Takarda ta dawo cewa taron jijiyoyi ne kawai, ba mai cutarwa ba. Baba ya yanka zakara, aka yi sadaka. Amma likitan ya sa Nas ta kira mu. Ya ce abin da hannunsa ke ji bai yi daidai da abin da takarda ta ce ba. Irin wannan ciwo yakan yi fuskar lafiyayye a sama, ɓarnar tana ƙasa. Ya sake yanka, ya zurfafa. Muka sake jira.

Ranar da takarda ta biyu ta iso, Nas ta gyara tsayuwa za ta yi tafinta kamar yadda ta saba, Goggo ta ɗaga hannu. "Bari ɗiyata ta faɗa mini. Ba don wannan na wanke mata allo ba, amma tunda ta iya, ta faɗa."

Likitan ya yi magana a hankali don in gane. Ya ce ciwon daji ne, amma ba irin wanda aka saba gani a nonon mata ba. Wancan daga hanyoyin ruwan nono yake tasowa. Wannan kuwa 'yan ƙananan jijiyoyin jini ne da kansu suka lalace, suna ta tsiro suna nannaɗewa kamar saiwa, cike da jini. Shi ya sa ya yi kama da bugu, shi ya sa da aka huda ya ƙi tsayawa. Ya ce shekarunsa da yawa yana aiki, a littafi kawai ya taɓa gamuwa da shi. Magani ɗaya ke hannunsu: a cire nonon gaba ɗaya, a babban asibiti a Jos, inda za a iya yi mata ƙarin jini. Sannan ya ce ba zai ɓoye ba, ciwo ne mai bin jini ya tafi wasu sassan jiki. Aikin zai iya ba ta lokaci. Warkewa kuwa ba zai yi alkawari ba.

Na juya wajen Goggo. Na ce, "Ya ce ƙari ne. In an cire shi ke nan, kin warke."

Ta dube ni. Ta dubi likitan. Ta ce, "Bature ya yi magana doguwa, ke kin yi gajeruwa. Sake faɗa in ji."

Na fashe da kuka a gaban mutane. Ta bar ni sai da na yi mai isata, sannan na faɗa mata duka, ban rage ko kalma ba. Ta gyaɗa kai, ta ce, "Yawwa. Jikina ne, ai ni ya kamata in fara sani." Sai ta sa na tambaye shi ko bayan aikin za ta iya juya masa. Ya ce hannun dama zai yi nauyi. Ta ce, "Akwai na hagu."

A gida aka rabu biyu. Hamma, wanda tela ne kuma mutum mai sanyin hali, ran nan na fara jin ya ɗaga murya. Ya ce ba za a yanka uwarsa kamar dabba ba. In mutuwa ce ta same ta da jikinta cikakke. Baba ya tafi wajen malaminsa ya dawo da cewa neman magani ba saɓo ba ne, kuma abin da cuta ta ci ba a tambayar bawa shi. Suka yi ta ja a tsakar gida, wannan ya kawo wannan, wancan ya kawo wancan. Goggo na zaune a bakin ƙofarta tana tsince shinkafa kamar zancen wata ake yi. Da suka gaji ta kira ni.

"Ki ce wa wancan nasa ba abin da ya same shi. Na dama ne, na dama kuwa naki ne. Ke za a tambaya. Kin ƙoshi, ko kina da sauran buƙata?"

Dariya da kuka suka haɗe mini. Na durƙusa na ce, "Na ƙoshi, Goggo."

Ta ce, "To, mai abu ta yafe. A gaya wa likita."

Ita da kanta ta dangwala yatsa a takardar amincewa da aikin. Direban nan da ya kai ta asibiti ranar jini shi ya kai mu Jos, ya sa ta a gaba kusa da shi, ya yi ta kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai. Hamma bai ce zai zo ba. Mun wuce ganuwa ke nan na waiga na gan shi can a bayan mota a kan buhuna, ya juya mana baya.

A Jos aka ce sai an sami wanda zai ba da jini. A zamanin mutane na gudun abin nan kamar mutuwa, ana cewa wanda aka ɗebi jininsa ba ya ƙara ƙarfi, ba ya ƙara haihuwa. Aka gwada nawa, bai dace ba. Hamma ya tashi ba tare da ya dubi kowa ba, ya naɗe hannun riga. Nasa ya dace.

Tun safe aka shiga da ita, sai bayan azahar aka fito. Da ta farfaɗo, ƙirjinta a naɗe da bandeji, ta ɗaga ido ta ga kwalba a rataye, jini na ɗiga ta siririn bututu yana shiga hannunta. Ta ce, "Na wa?"

Na ce, "Na Hamma ne."

Ta daɗe tana kallon kwalbar. Can ta ce, "To ai nawa ne ya dawo gida." Ta lumshe ido, ta ƙara da cewa, "A nemo wa wancan fura."

Allah ya ba mu shekara guda da 'yan watanni bayan wannan, kuma ba zan yarda kowa ya ce mini ba su da daraja ba. Wata uku da dawowarmu ta sake hura murhu. Daka ya gagare ta, matar Hamma ta karɓa, amma tanda ba ta sakar wa kowa ba. Ta koyi juyi da hagu. Kwanakin farko masa na ƙonewa, tana yi wa hannun faɗa kamar sabuwar 'yar aiki. Hamma kuwa wata rana ya miƙo mini riguna uku a ƙunshe, ya ce in ba ta. Da na buɗe na ga ya ɗinka wa kowace aljihu ta ciki a ɓangaren dama, ya cusa auduga ya daidaita. Goggo ta juya rigar, ta laluba, ta ce, "Wancan ya fara iya ɗinki." Takan sa su ranar Juma'a da ranar biki. Sauran ranaku ba ta damu ba. In wata ta ƙura mata ido a zaure, takan ce, "Tambayi abin da ke ranki, masarki na hucewa."

A cikin wannan shekara na haifi 'yata ta fari. Goggo ce ta yi mata wankan farko, da hannu ɗaya da rabi, ta ƙi kowa ya taya ta.

Tari ne ya fara, da shigowar daminar shekarar mulkin kai. Muka ce hayaƙin murhu ne. Sai ga 'yan ɗigo-ɗigo baƙaƙe sun fito a gefen tabon, kamar an watsa tawada. Sannan ta fara tofar da jini. Likitanmu na Bauchi ya ɗora abin sauraronsa a bayanta, ya daɗe, ya cire ya riƙe a hannu yana juyawa. Ya ce ya shiga huhu. Ya ce yana da maganin rage ciwo da na sauƙaƙa tari, bayan wannan ba shi da komai.

Wannan karon ban rage ba. Na faɗa mata kamar yadda ya faɗa. Ta ce, "Kin girma." Ta tambayi ko zama a asibiti zai ƙara mata wani abu, ya ce a'a. Ta ce to a mayar da ita ɗakinta. Nas ce ta riƙa shigowa safe da yamma, kafin aiki da bayan aiki, tana yi mata allura tana canza mata tsumma, wata uku cur ba ta tsallake rana ba.

Ranar da aka ba da mulkin kai, Goggo ba ta iya tashi. Gari ya ɗauki kiɗa, 'yan makaranta na wucewa da 'yan tutoci, Baba ya fito da akwatin rediyonsa tsakar gida ya ƙure murya don ta ji. Ta saurara, ta ce, "To, yanzu Turawa za su tafi ke nan?" Na ce haka ake cewa. Ta ce, "Har likitana?" Na ce ban sani ba. Sai ta sa matar Hamma ta hura wuta, tana kwance tana ba da umarni ta ƙofa: a ƙara mai, a rage wuta, ba a juya ba tukuna. Aka cika akushi, aka ɗaure da sabon adiko. Ta ce, "Ki kai masa da kanki. Ki ce masa bai yi mini ƙarya ba, kuma ya yi iya nasa. Kada ya tafi garinsu da ni a ransa."

Na kai. Na same shi a barandar asibiti, kowa ya tafi kallo. Ya saurari saƙon, ya zauna a kan benci, ya buɗe akushin ya ci a nan, da hannu, ba tare da na gaya masa dokar ba.

Kwana uku kafin ta cika ta kira ni, muryarta ta koma kamar raɗa. Ta ce, "Ke za ki yi mini wanka, ke da matar liman. In kun zo wurin nan, kada ki yi ta jan zane kina ɓoyewa don kunya. Ba sata na yi ba."

Ta rasu da hantsi, ranar Talata, mako uku bayan bikin, kanta a cinyata, Hamma na riƙe da ƙafafunta, Baba na laƙƙana mata kalmar shahada tana bi har muryar ta ɗauke. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Matar liman tsohuwa ce mai kwarjini, ba ta dariya, ba ta doguwar magana. Ita ke yi wa matan unguwa wankan ƙarshe tun ban san kaina ba. Mun yi wa Goggo sutura yadda addini ya ce. Da muka zo ƙirji na yi yadda aka umarce ni, ban ja zane na ɓoye ba. Tsohuwar ta tsaya, ta bi dogon tabon da tafin hannunta tun daga tsakiyar ƙirji har hammata, a hankali. Muka ƙarasa.

Bayan sadakar bakwai ta aiko a kira ni. Na ɗauka wani abu na yi ba daidai ba wajen wankan. Na shiga na durƙusa na gaishe ta. Ta tashi ta sakaya ƙofa da kanta, ta dawo ta zauna, ta kama hannuna ta kai ƙarƙashin mayafinta. Na ji wani ƙullutu a nononta kamar ƙwallon dabino.

Ta ce, "Wata uku ke nan. Ko Malam bai sani ba."

Na ce, "Inna, gobe da safe sai asibiti."

Na zaci za ta ƙi. Can ta ce, "Na wanke mata da yawa da abin nan ya ci har ya fashe, ana rufewa ana cewa iska ce. Ban taɓa wanke wadda ta tsaya ta dube shi ido da ido ba sai goggonki." Ta saki hannuna. "Ki zo da maƙwabciyar nan taku."

Muka je mu uku. Nata ba irin na Goggo ba ne. Aka cire shi, ɗan wuri kaɗan, ta kwana huɗu ta dawo gida, kuma tana nan da ranta a yau da nake wannan rubutu. Ranar da aka sallame ta, muna tafe a hanya ta ce mu ratsa ta gefen maƙabarta. Mata ba sa shiga, saboda haka muka tsaya daga bakin shinge, ita da ni, Nas na ɗan baya da mu. Ta ɗaga hannu ta yi addu'a a fili: Allah ya yalwata wa baiwarsa makwanci, ya sanyaya mata ƙasa, ya sa wahalar da ta sha ta zame mata kaffara, ya sada mu da ita a inda ba ciwo. Muka shafa.

Sannan ta gyara mayafi, ta dube ni ta ce, "Akwai wasu mata biyu a unguwa da ke ɓoye irin nawa. Zan turo miki su."